Majlinda Kelmendi: Yarinyar Bakin Iyaka da Ta Ƙi Sauya Tuta



Mai girma shugaban taro, iyayena hakimai da dagatai, malamaina, shugabannin makarantu, iyaye mata da suka ajiye aikin gida suka zo, da ku 'ya'yana ɗalibai da kuka cika bayan zauren nan, ina yi wa kowa barka da zuwa. Na san wasu tun daga Maigatari suka taso, wasu daga Gagarawa, wasu daga Sule Tankarkar. Allah ya saka da alheri, ya mai da kowa gidansa lafiya.

An nemi in yi magana a kan 'ya'ya mata da wasannin motsa jiki. Maganar tana da faɗi, in aka kama ta ta kowane gefe sai a tashi hannu babu komai. Shi ya sa na zaɓi mace guda da wasa guda, in bi ta daga ranar da ta fara taka fage har ranar da ta kwance ɗamara. Sunanta Majlinda Kelmendi, 'yar ƙasar Kosovo da ke kudu maso gabashin Turai, wasanta kuwa judo. An haife ta ranar 9 ga Mayu, 1991, wato ta girmi Jihar Jigawa da wata uku da 'yan kwanaki.

Faɗin Kosovo bai kai rabin Jigawa ba. Mutanenta ba su cika miliyan 2 ba, alhali tun a ƙidayar 2006 mu mun haura miliyan 4. Mafi yawansu Musulmi ne. Garinsu Majlinda, Peja, yana gindin duwatsu, kusa da iyakar Montenegro da ta Albaniya. Mutanen bakin iyaka ne irinmu, kuma za ku ga yadda maganar iyaka da tuta ta bi ta har tsakiyar fage.

Bari in fara kwatanta wasan, don da yawa a nan ba su taɓa ganinsa ba sai a waya. Judo kokawa ce, amma da riga. Wani malamin makaranta ɗan Japan mai suna Jigoro Kano, wanda sunansa ba shi da haɗi da birninmu na Kano, shi ya tsara ta a 1882, ya buɗe mata makaranta a Tokyo, wadda ake kira Kodokan. Ya ɗebo dabarun faɗan mutanensu na dā, ya zubar da masu kisa da nakasawa, ya bar waɗanda matasa za su gwada a kan juna su tashi lafiya. Babu naushi, babu shuri. 'Yan wasa biyu, kowa da riga mai kauri da dogon wando da ɗamara a ƙugu. A kama wuyan riga da hannun riga, a ja, a tura, a nemi kaye. Wadda ta maka abokiyar karawarta da baya a ƙasa, da ƙarfi da sauri, ta ci nan take. Wannan cikakken kayen shi ne ippon. In kayen bai cika ba sai a ba da waza-ari, biyu su tashi ippon ɗaya. A ƙasa ma ana ci: a danne mutum daƙiƙa 20, ko a shaƙe shi da wuyan rigarsa, ko a ɗaure masa gwiwar hannu har ya bubbuga ƙasa alamar ya sallama. Minti 4 ake yi, in ba a rabu ba a zarce har wani ya samu maki. Mai gudun kamu ko mai ƙin kai hari, alƙalin wasa ya yi masa gargaɗi, na ukun ya fitar da shi.

Ƙarfin dantse ba shi ke kayarwa ba. Ku je kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ku tsaya inda ake lodin riɗi. Ɗan dakon da ya ƙware ba ya sungumar buhu da hannu. Karkato shi yake yi tukuna, har nauyin ya bar gindinsa ya fara rinjayowa, sannan ya juya ya shiga ƙarƙashinsa da ƙugu da gadon baya, ya miƙe gwiwa, buhun ya hau. Haka 'yar judo take yi da mutum. Ta fara raba ki da tsayuwarki, ta sa nauyinki ya koma kan ƙafa ɗaya ko kan yatsu, sai ta shiga. Abin da ya rage bayan nan bai fi ƙiftawar ido ba.

Maza sun shiga gasar Olamfik da judo a Tokyo a 1964. Mata sai a 1980 suka samu gasar duniya tasu ta farko, a New York, sai kuma 1992 a Barcelona aka fara rataya musu lambar Olamfik. Aji bakwai suke da shi bisa nauyin jiki, daga kilo 48 har sama da kilo 78. Majlinda a ajin kilo 52 ta yi rayuwarta.

Tana da shekara bakwai zuwa takwas aka yi yaƙin Kosovo, 1998 zuwa 1999. Peja na cikin garuruwan da suka fi shan wuta, an ƙone unguwanni, mutane sun yi gudun hijira sun dawo sun tarar da kango. A cikin wannan kangon akwai wani mutum, Driton Kuka. Ya taɓa zama gwarzon judo a tsohuwar ƙasar Yugoslabiya, yana sa ran zuwa Barcelona a 1992, sai ƙasar ta wargaje, siyasa ta rufe masa hanya. Shekarun ƙuruciyarsa na wasa suka tafi a banza. Da ƙura ta lafa, bai nemi hanyar Jamus ko Suwizalan ba, inda dubban 'yan ƙasarsa suka nufa. Shi da 'yan'uwansa suka tayar da ɗakin horo a unguwarsu, suka sa wa kulob ɗin suna Ippon, suka fara tara yaran maƙwabta. Majlinda tana cikinsu, tana da kimanin shekara takwas.

Abin da ake fara koya wa yaro a judo shi ne faɗuwa. Ya manna haɓa da ƙirji don kada ƙeya ta bugi ƙasa, ya lanƙwasa baya, ya doki katifa da tafin hannu da dantse lokaci guda don jiki ya raba zafin. Sai ya yi ta maimaitawa, ta baya, ta gefe, ta gaba, makonni, kafin a yarda ya kama rigar wani. Ina son iyaye mata su riƙe wannan, domin tsoron da ya fi yawa shi ne karaya. Yarinyar da ta koyi faɗuwa ta fi wadda ba ta koya ba tsira, ko daga kan babur ta zamo.

Shekara goma tana wannan ɗakin, da malami ɗaya. A 2009, a birnin Paris, ta ci gasar matasa ta duniya tana da shekara 18. A nan matsalar da ba ta fage ba ta taso. Kosovo ta ayyana 'yancin kanta daga Sabiya ranar 17 ga Fabrairu, 2008, amma Sabiya ba ta amince ba, Rasha ba ta amince ba, kwamitin Olamfik na duniya ma bai karɓe ta ba tukuna. Da gasar Landan ta 2012 ta zo, ga 'yar wasa ta cancanta, ga shi ba ta da tutar da za a ɗaga mata. Aka nemi a bar ta ta shiga ba da tutar kowace ƙasa ba, aka ƙi. Dole ta sa rigar Albaniya, maƙwabtan da suke yare ɗaya. Mu da muka ga an garƙame iyakar Maigatari daga Agustan 2019 har Disambar 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na 2023, mun san yadda hukuncin da aka yanke a birni mai nisa yake tsayar da rayuwar wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

A Landan ta ci karawar farko, ta biyu kuwa aka kayar da ita. Wadda ta fitar da ita 'yar Afirka ce, Christianne Legentil, daga tsibirin Morishus, wadda ba kowa ya sa ta a lissafi ba. Majlinda ta koma gida hannu rabbana, tana da shekara 21.

Ta koma ɗakin nan dai, gun malamin nan dai. Shekara guda bayan haka, a 2013, a Rio de Janeiro, ta kayar da Érika Miranda, 'yar Birazil, a gaban mutanenta a wasan ƙarshe, ta ɗauki kambun duniya. Hukumar judo ta duniya ta riga ta karɓi Kosovo a lokacin, don haka da sunan ƙasarta ta ci. A 2014 aka kai gasar Chelyabinsk, cikin Rasha. Rasha ta ce ba za a ɗaga tutar Kosovo a ƙasarta ba. Majlinda ta shiga da tambarin hukumar judo a bayan rigarta maimakon sunan ƙasarta, ta sake cin kambun, ta hau dandamali ba a buga mata taken ƙasarta ba. A Disambar wannan shekarar kwamitin Olamfik ya karɓi Kosovo. Ba zan ce ita kaɗai ta jawo haka ba, amma yana da wuya a ci gaba da cewa ƙasa ba ta nan alhali 'yarta tana kayar da duniya shekara biyu a jere.

A tsakanin waɗannan shekaru ne aka yi ta zawarcinta. Ita da kanta ta faɗa wa manema labarai cewa ƙasashe masu arziki sun yi mata tayin kuɗi masu yawa don ta karɓi fasfo ɗinsu ta yi musu wasa. Wannan ba baƙon abu ba ne. Mu ma 'yan tserenmu nawa ne suka koma Bahrain da Katar da wasu ƙasashe? Ba na zaginsu, kowa ya san abin da ya koro shi. Ita dai ta ƙi. Iyayenta ba masu hali ba ne, ƙasarta ba ta da abin da za ta ba ta kwatankwacin wancan, kuma a lokacin ba ta da tabbacin za a taɓa barin ta ta shiga Olamfik da tutarta. Duk da haka ta zauna.

Rauni ya hana ta gasar duniya ta 2015. A 2016 Kosovo ta je Olamfik karo na farko, a Rio, da 'yan wasa takwas, Majlinda ce ta riƙe tuta. Ranar 7 ga Agusta ta haɗu da Misato Nakamura ta Japan, mai kambun duniya uku, a wasan kusa da na ƙarshe, ta tsallake da ƙyar. A na ƙarshe ta kara da Odette Giuffrida ta Italiya. Tun farkon karawar ta samu ƙaramin maki, ta riƙe shi gam har lokaci ya cika. Shugaban kwamitin Olamfik, Thomas Bach, da hannunsa ya rataya mata zinaren, tana kuka. Ita ce lambar Olamfik ta farko a tarihin ƙasar.

Yawancin masu ba da labarinta a nan suke tsayawa. Ni kuwa abin da ya biyo baya ne ya kawo ni gabanku.

Judo ba wasan da mutum zai ƙware shi kaɗai ba ne. Mai gudu yana iya fita da asuba ya bi hanyar Gumel zuwa Maigatari shi da agogonsa. 'Yar judo dole sai da jikin wata. Hannunta ba zai san lokacin da nauyin mutum ya rinjaya ba sai ta kama mutane dubban sau, kuma iyakar ƙwarewarta tana rataye da ƙwarewar waɗanda take kamawa kullum. To a ɗakin nan na Peja akwai ƙannen bayanta: Nora Gjakova, wadda aka haifa a 1992, da Distria Krasniqi, ta 1995, da wata ƙaramarsu, Laura Fazliu. Safe da yamma gwarzuwar duniya ce take maka su da ƙasa, suna tashi suna sake kama rigarta. Da Majlinda ta karɓi kuɗin nan ta tafi, da ta tafi da wannan makarantar a jikinta.

Ku dubi abin da ya faru a Tokyo a Yulin 2021, a zauren Budokan, wato a gidan masu wasan. Doka ta ce ƙasa ba ta kawo mutum biyu a aji ɗaya, ga shi Distria ma 'yar kilo 52 ce. Sai ta rage nauyi ta sauka ajin 48 ta bar wa yayarta gurbi. Ranar 24 ga wata Distria ta kayar da Funa Tonaki, 'yar Japan, ta ɗauki zinare. Ranar 25 Majlinda ta fito, jikinta duk tsofaffin raunuka, Réka Pupp ta Hangari ta fitar da ita a karawar farko. Ranar 26 Nora ta ci zinare a ajin 57. Kwana uku, zinare biyu, babbar yayar a tsakiya ta faɗi. Daga nan ta yi ritaya ta koma horar da na baya. A Paris a 2024 Distria ta dawo ajin 52 ta samu azurfa, Laura ta samu tagulla a ajin 63. Lambobin Olamfik biyar ke nan da Kosovo ta mallaka, uku zinare, dukkansu na mata, dukkansu na judo, dukkansu daga hannun malami ɗaya. Nijeriya, da mutum sama da miliyan 200, ta dawo daga Paris ba ko ɗaya, kuma ba ta taɓa cin lambar judo a Olamfik ba.

Yanzu mu dawo gida.

Ba mu ne za a koya wa kokawa ba. Da kaka ta yi, an kai amfani gida, kowane ƙauye a ƙasar nan ya san fage, ya san kiɗa da kirari, ya san taɗiya da ɗaukar ƙafa. 'Yan'uwanmu na tsallaken iyaka sun mai da ita wasan ƙasa. Tun 1975, da aka fara gasar takobi a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauka, har zuwa zamanin Issaka Issaka na Dosso, in ana kokawar nan rediyon kowane mai shayi a Maigatari a can take. Idon da ke gane kaye tun kafin a yi shi muna da shi. Abin da ba mu taɓa yi ba shi ne mu ɗauki wannan sanin mu kai shi wasan da duniya take aunawa. Mutanen Bayelsa sun yi. Kokawar gargajiyarsu ta Ijo suka ɗora a kan katifa, wani ɗansu, Daniel Igali, ya tsaya a kai shekara da shekaru, har Blessing Oborududu ta kawo wa Nijeriya azurfa daga Tokyo a ajin kilo 68.

A judo ma muna da abin nunawa, ko da yake daga Kudu ne. Catherine Ekuta ta ci zinare a ajin kilo 57 a gasar Afirka da aka yi a Abuja a 2003, ta wakilci Nijeriya a Olamfik na Athens a 2004. 'Yarta, Enku Ekuta, ta zama gwarzuwar Afirka a ajin 63 a Madagaska a 2020. Uwa da 'ya, gida ɗaya. Nan ma zancen bai sauya ba: wuri guda da aka daɗe ana abu guda.

Ƙarfi kuwa, wanda ya ce 'ya'yanmu mata ba su da shi bai taɓa tsayawa bakin rijiya a ƙauyukan Sule Tankarkar ba. Yarinya 'yar shekara goma sha biyu tana jan guga daga rijiya mai gaba da yawa, ta ɗora jarka a ka, ta dawo ta kama taɓarya. Kamun hannu, ƙarfin baya, daidaiton tsayuwa, abubuwan da ake kashe kuɗi a gina wa yaran Turai, ita aikin gida ya ba ta. Da dare kuma a dandali, a wasan gaɗa, ta saki jiki ta faɗo da baya, ƙawayenta su cafe ta su cilla ta sama. Ba ta tsoron faɗuwa, kuma ta san yadda ake amincewa da hannun wata.

Na san abin da ke ran iyayena da malamaina, kuma ba zan kewaye shi ba, domin ni ma ina da 'ya'ya mata.

Maganar sutura ce ta farko. Rigar judo tana cikin kayan wasa mafi rufe jiki: hannu har wuyan hannu, wando har kusan idon sawu, mata kuma suna sa wata farar riga a ciki. Matsalar tana ga kai. Saboda ana kama wuyan riga, ana kuma shaƙewa, hukumar judo ta duniya ta daɗe tana hana ɗankwali ko hijabi a gasa, tana cewa zai iya naɗe wuya. A Landan a 2012 sai da aka kai ruwa rana kafin a bar Wojdan Shaherkani ta Saudiyya, 'yar shekara 16, ta shiga da wata matsattsiyar hula. A 2018, a gasar naƙasassu ta Asiya a Jakarta, an hana Miftahul Jannah, makauniya 'yar Indonesiya, yin wasa don ta ƙi cire hijabinta. Majlinda kanta ba ta rufe kai a fage, gaskiya ke nan, kuma gasar duniya a gaban maza ake yin ta, da kyamara. Ban zo in ce wannan ba komai ba ne. Hukuncinsa yana hannun malamai, ba hannuna ba.

Sai dai ina roƙon a raba abu biyu. Ɗaki a cikin makarantar 'yan mata, ƙofa a rufe, malama mace, ɗalibai mata, wannan daban. Fita gasar duniya kuma daban, kuma daga yau zuwa ranar da wata 'yar Gagarawa za ta kai wannan matsayin akwai shekara goma ko fiye. In ta kai, ita da iyayenta da mijinta da malamansu za su zauna su yanke. Kada tsoron matakin ƙarshe ya hana mu taka na farko. Dokokin ma ba wahayi ba ne, mutane ne suka rubuta su. Ƙwallon ƙafa ta halatta rufe kai a 2014, ƙwallon kwando a 2017. Hedaya Malak ta Masar ta ci tagulla a tekwando a Rio da hijabinta, Feryal Abdelaziz ta ci zinare a karate a Tokyo da nata. Ƙasashen da suka kawo 'yan wasa ne suka matsa aka gyara. Wanda ba shi da kowa a fage ba ya cikin masu magana.

Mata su koyar da mata a bayan ƙofa kuwa ba baƙon tsari ba ne a ƙasar Hausa. Nana Asma'u 'yar Shehu ta yi shi tun ƙarni na 19, da jajinta da 'yan tarunta, suna bin ƙauyuka suna kai ilimi cikin gidaje. Tsarin nan namu ne.

Ta biyu maganar aure. Ana ganin in yarinya ta shiga wasa ta bar gidan miji ke nan, ko kuwa in ta yi aure wasa ya ƙare. Catherine Ekuta ta riga ta haifi Enku kafin ta ci zinaren Abuja. Ryoko Tani ta Japan ta haihu a ƙarshen 2005, ta dawo ta ci kambun duniya a 2007. Clarisse Agbegnenou, 'yar Faransa mai tushe a Togo, ta haifi 'yarta a Yunin 2022, a Mayun 2023 ta ɗauki kambun duniya na shida a Doha, tana shayarwa. Abin da waɗannan matan suka samu shi ne gida da ya tsaya musu.

Ta uku ita ce wadda ta fi damuna, kuma ba a cika faɗinta ba: amana. Malamin wasa yana da iko a kan yaro fiye da malamin aji. Shi ke cewa a ci abinci ko kada a ci don awon nauyi, shi ke zaɓen wanda zai yi tafiya. A Japan ɗin kanta, a farkon 2013, 'yan wasa mata 15 na tawagar ƙasa sun kai ƙarar kocinsu bisa duka da cin zarafi, har ya ajiye aiki. In haka ta faru a inda aka haifi wasan, to mu ba za mu miƙa 'ya'yanmu ga kowa ba don kawai ya ɗaura baƙar ɗamara. Malama mace, uwa ɗaya ko biyu suna zaune a ɗakin duk ranar horo, kuma a haramta tilasta wa yarinya mai tasowa yunwa ko ƙishirwa don ta shiga wani aji. A kan wannan ba na sassautawa.

To me ake bukata? Filin judo na ƙa'ida mita 8 ne tsawo, mita 8 faɗi. Katifar wasan kowace mita 2 ce a mita 1, wato katifa 32 sun shimfiɗe shi. Aji ɗaya da ba a amfani da shi a makarantar 'yan mata ya isa. Ba a bukatar lantarki, ba a bukatar ciyawa ko ruwan ban-fili, damina da rani duk ɗaya ne. Rigunan, telolinmu na kasuwar Gumel za su iya ɗinka na koyo in aka ba su samfuri da yadi mai kauri. 'Yan kasuwarmu da suke fitar da riɗi da zoɓorodo da dabbobi ta Maigatari, waɗanda mata ne suke zama su tsince musu zoɓorodon nan tsaf kafin ya shiga buhu, katifa 32 ba za ta gagare su ba. Alhazaina, 'ya'yan waɗannan matan nake nema wa.

Abin da kuɗi ba ya saye shi ne mutumin da zai zauna. Daga shekara takwas da Majlinda ta fara zuwa shekara 25 da ta ci zinare, shekara 17 ke nan, malaminta bai sauya gari ba, bai sauya sana'a ba. A tsawon wannan lokacin a nan, sai a yi gwamna uku, kwamishinan wasanni ba adadi. Shi ya sa ba na son a rataya wannan aiki a wuyan gwamnati kaɗai. Gwamnati ta ba da ɗaki da albashi, amma riƙon ya zama na gari, da sanin masarauta.

Kwalejin Ilimi da ke nan Gumel tana yaye malamai mata kowace shekara. Roƙona ga shugabannin ƙananan hukumomin nan huɗu, Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, shi ne a zaɓi biyu daga cikinsu, 'yan asalin nan, waɗanda aurensu da danginsu suke nan, ba masu jiran canjin wurin aiki ba. A tura su su koyi wasan a hannun ƙwararru har su samu shaidar koyarwa, a dawo da su makaranta guda, a bar su a wurin. A fara da yara 'yan shekara takwas zuwa goma sha biyu, da rubutacciyar yardar iyayensu. Kada a tambaye su lamba a shekarar farko ko ta biyu. In an shekara uku, a shirya karawa tsakanin 'yan matan Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, a cikin makaranta, alƙalan wasa mata, 'yan kallo iyaye mata. Waɗanda suka yi fice, in iyayensu sun amince, a rubuta sunayensu a kai Dutse don gasar matasa ta ƙasa.

Shugaban taro, na ga shugabar makarantar 'yan mata tana rubutu tun ɗazu. Hajiya, in akwai ajin da za a iya ba mu, ina so mu je mu auna shi kafin a watse yau.